Tagar da na rufe wa Hajara

Shekara takwas ke nan cif da aka ɗauki ƙanwata Hajara zuwa Harami aka sallace ta bayan la'asar. Ciwon ƙoda ta yi, wata biyar tana jinya. Ta bar miji da 'ya ɗaya, Sumayya, wadda a lokacin shekararta shida. Tun ranar yarinyar tana hannuna a nan unguwar Hindawiyya, cikin Makka. Yanzu ta fi ni tsawo, kuma ba ta da aiki sai gyara mini Larabci.

Duk shekara idan watan rasuwar ya kama nakan yi sadaka, in yi kukana, in share hawaye in tashi. Bana ban iya tsayawa a nan ba, domin Sumayya ta yi mini wata tambaya da na yi shekara goma sha ɗaya ina addu'ar kada a yi mini ita.

Sana'armu turaren wuta. Daga Kano mahaifiyarmu ta zo da ita, ni na gada, ni kuma na koya wa Hajara. Ana soya itacen ƙamshi da sukari a tukunya, ana zuba madarar turare ana juyawa har ya kama jikinsa, sannan a ɗura a kwalabe. Wadda ba ta taɓa tsayawa kan tukunyar ba ƙamshi kawai ta sani. Mai juyawa ita ta san hayaƙin, mai kauri ne, yana kama maƙogwaro yana sa ido ruwa. Ni kuma ina da wata doka da na ɗauka daga bakin mahaifiyarmu ban taɓa tambayar dalilinta ba: idan ana suya ba a buɗe taga, wai iska tana sace ƙamshi. Da wannan nake taƙama a kan sauran masu turaren unguwa. Nawa yana kwana uku a jikin abaya, nasu kafin a kai bakin titi ya gudu.

Shekarar da Hajara ke da cikin Sumayya, aikin Hajji ya faɗo tana wata shida. Masu shaguna a Aziziyya suna ta aiko mana, alhazai na son tsaraba, hannu ya yi mini kaɗan. Kullum tun hantsi take zuwa, mu shiga ɗan kicin ɗina mu rufo ƙofa. A kwana na uku ta ajiye muciya tana tari, ta miƙa hannu ta tura tagar.

Ta ce, "Yaya, hayaƙin nan yana hawa mini kai. Ki bar ta a buɗe ko kaɗan ne."

Na taka na ja tagar na rufe. Na ce, "Ke kaɗai ce mai ciki a Makka? Haka aka yi cikinki a kan wannan tukunyar, ga ki kuma da ƙafafunki."

Hajara ba ta iya musu da ni ba tun muna yara, ni kuma na saba da hakan har na ɗauka yarda ce. Kwana arba'in muka yi a haka.

Sumayya ta zo duniya lafiya, sai dai tun tana goye fatarta take ƙuraje da ƙaiƙayi. Da ta shekara uku numfashi ya fara sarƙe mata. Tare muka kai ta asibiti. Likitar, wata 'yar Sudan mai sanyin magana, ta ce asma ce da hasasiyya, wato jikin da ba ya shiri da ƙura da hayaƙi da wasu abinci. Ta tambaya ko akwai mai shan sigari a gidan lokacin cikin. Na harzuƙa na ce mu ba irin wannan gidan ba ne. Sai ta ce, to turaren wuta fa? Ina kallon Hajara, ita tana kallon 'yarta. Ta ce, "Ni ce. Sana'ata ce, ban kula ba." Ba ta ambaci sunana ba, ni ma ban ambata ba. Likitar ta ce ba wanda zai iya rantsewa cewa wannan ne sanadi, akwai gado, akwai ƙurar gari, amma hayaƙi a rufaffen ɗaki ba alheri ba ne ga mai ciki. Hajara rabin maganar na ƙarshe kawai ta ji.

Daga ranar ta bar turare. Ta kwashe kaskonta da kwalabenta ta bayar. Wanda ya san matanmu ya san abin da wannan ke nufi. Mace a ce ɗakinta ba ƙamshi? An yi da ita a gidajen suna, an ce ta zama ƙazama, an ce mijinta na da haƙuri. A gabana aka faɗi wasu, na kawar da kai ina gyara mayafi. Ita kuwa kullum tana goge ƙura, tana wanke labule, tana bin yarinya da abin fesawa a baki. Idan ciwon ya tashi takan rungume ta tana cewa, "Ni na ja miki." Har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa da ni "ke ce" ba, ko da wasa.

Nakan yi tunanin abin da za ta ce da ta ga yau. Rabin layinmu an rushe, maƙwabtan da suka yi gulmarta sun watse. 'Yan matan da ta goya yanzu su ke da ciki, kuma kowacce da wayarta tana karanta abin da za ta ci da abin da za ta guda. Na san za ta yi musu dariya, ta ce ko ruwa sai sun tambayi waya kafin su sha. Na kuma san za ta zauna kusa da su ta ce a karanta mata a hankali. Ni kaina yanzu a saman bene nake suya, a fili, kuma ƙamshin bai ragu da komai ba. Wannan ne ya fi ci mini rai. Dokar da na tsare da faɗa ashe ba ta tsare komai ba.

Wayar ce ta kawo tambayar. Makonni uku da suka wuce Sumayya ta dawo daga makaranta, an hana ta wasan motsa jiki saboda ƙirjinta, ranta a ɓace. Ta ce ta karanta wani rubutu kan matan Inuit, mutanen can ƙasar ƙanƙara, da yadda ake duba ko abin da uwa ta ci ko ta shaƙa tana da ciki yana da hannu a asmar ɗanta. Ban san Inuit ba, ban san inda ƙasarsu take ba, amma na san inda maganar ta dosa.

Ta ce, "Khala," haka take kirana da Larabci, wato yayar uwa, "ina tuna Ummi tana cewa ita ta ja mini. Ya'ani ta sani, kuma ta ci gaba? Turare ya fi ni a wurinta?"

Da na ce mata Allah ne ya ƙaddara, da maganar ta mutu, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma na ga idonta. Yarinyar ba ta da abin da ya rage mata na uwarta sai 'yan hotuna da wannan kalma ɗaya, kuma kalmar ta fara ruɓewa a cikinta. Na zaunar da ita na faɗa mata komai: kicin ɗin, kwana arba'in ɗin, hannun da ya buɗe da hannun da ya rufe, da shirun da na yi a gaban likita. Na faɗa mata abin da likitar ta ce, cewa ba a da tabbas. Na ce amma idan akwai laifi, ba a kabarin uwarki yake ba, ga shi zaune a gabanki.

Ta tashi ta shiga ɗaki. Kwana biyu tana gaishe ni kamar baƙuwa.

Hajara ba ta bar gida ba, ba ta bar gwal ba, sana'ar ma ta yar da ita da hannunta. Abin da ta bari shi ne ta ɗauki nauyin da ba nata ba ta tafi da shi, don kada 'yarta ta tashi tana ƙin matar da wataƙila za ta riƙe ta. Ban gane haka ba sai bana, kuma ban cancanci hakan ba.

A rana ta uku ina tsintar shinkafa Sumayya ta zo ta tsaya a kaina.

"Khala, da kika rufe, ita me ta yi?"

Na ce, "Ta ɗauki muciyarta. In tari ya kama ta sai ta dafa cikinta ta ce, yi haƙuri, saura kaɗan mu fita."

Sai Sumayya ta ce, a hankali, da Hausar da ba ta cika yi ba, "Na haƙura, Ummi."

Ni ba ta ce mini komai ba tukuna, kuma ban roƙa ba.