Ranar da Riga Ta Hana Ni Fita Daga Ɗaki

Ko da zan tsufa in manta inda na ajiye carbina, ba zan manta ranar da yayata ta mayar da ni tulu ba.

A Dala gidanmu yake, can cikin lungu. Yaya ta gama koyon ɗinki ke nan, amma kanta cike yake da abubuwan da babu telan da ya taɓa ɗinkawa a unguwarmu. Sai aka shirya bajekolin sababbin ɗinki a wani ɗakin taro. Aka ce wata Hajiya mai babban shagon ɗinki za ta zo ta zaɓi wadda za ta ɗauka aiki. Yaya ta ƙwallafa rai, don Baba ya riga ya ce idan wannan bai yiwu ba, ta haƙura da zane-zanen nan ta koma ɗinkin riga da zani kamar kowa.

Ta je kasuwar Kurmi ta sayo saƙi da rinannen yadi, ta sa masu kwando suka lanƙwasa mata tsagaggiyar gora. Da ita ta yi wa rigar ƙashi daga ciki. Daga ƙugu zuwa ƙasa ta buɗe ta yi tulu, kafaɗu kuma suka miƙe sama kamar zankayen soro. Ni ce zan sa, saboda a lokacin siririya ce ni sosai.

Da safiyar ranar ta zura mini ita a ɗaki, ta ɗinke bayan da allura a jikina. Na kalli madubi na ƙyalƙyale da dariya. Wallahi kyau ta yi, amma ban gane kaina ba. Na nufi ƙofa ina rangwaɗa, sai ji na yi ƙam! Na maƙale.

Ashe duk aune-aunen Yaya, ba ta auna ƙofa ba.

Kakarmu tana tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ta ɗago ta ce, "Innalillahi! Me ya kumbura yarinyar nan?"

"Inna, ado ne," in ji Yaya.

"Ado? To Allah ya sawwaƙe."

Dariya ta hana ni numfashi, ita kuwa Yaya ta kusa kuka. Inna ce ta kawo dabara. Ta ce a karkata ni kamar yadda ake fitar da gado. Haka aka yi, Umma ta riƙe kafaɗa ɗaya, Yaya ta tallabe tulun, na fito a kaikaice ina ihu.

Saura zaure, inda Baba yake zaune da abokinsa. Nan dariyata ta ɗauke. Ya dube ni daga sama har ƙasa. Can ya ce, "To, ba dai a ce ba ta rufe jiki ba. Har na maƙwabta ta rufe." Abokin ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi.

A bakin titi muka tsayar da adaidaita sahu. Mai shi ya leƙo ya ce, "Hajiya, kayan ne za a ɗauka ko mutum?" Ko ƙafata ba ta shiga ba. Zama ma ba ya yiwuwa. Lokaci na tafiya, Yaya ta ɗauko almakashi daga jaka ta ce bari kawai ta farke. Sai muka ji muryar Baba a bayanmu, ashe ya biyo mu.

"Kada ki kuskura. Wata nawa kina wahala a kanta?"

Da kansa ya tare wata motar a-kori-kura da ta sauke buhunan gawayi, ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora ni a tsaye. Na riƙe ƙarfe, Yaya ta riƙe ni. Muka ratsa ta Goron Dutse iska na cika rigar, mata na leƙowa daga ƙofofi, wata har da guɗa. Kunyar ta kai inda ta ƙare, na shiga ɗaga wa mutane hannu, ni da Yaya muna dariya har hawaye.

Mu ne na ƙarshe da muka shiga. Da na tako, sai tafi ya ɓarke. Ba mu muka zo na ɗaya ba. Amma Hajiyar ta zagaya ni sau biyu, ta ƙwanƙwasa tulun, ta tambayi Yaya, "To mai wannan ta yaya za ta zauna?"

Yaya ta ce, "Hajiya, ba ta zama. Shigowa take yi a gan ta."

Hajiya ta yi dariya ta ce ta zo shago ranar Litinin, sai dai abu na farko da za ta koya mata shi ne rigar da ake iya sallah da ita.

Yau Yaya tana da nata shagon. Ni kuwa abin da na koya shi ne, idan naka ya zo da wani tunani da ya yi kama da hauka, ka yi dariyarka son ranka, amma ka tashi ka kama masa. Da a ranar kowa ya tsaya a dariya kawai, da almakashi ne ya gama zancen.