Layi Biyar a Takardar Malama

Abubuwa da yawa sun same ni na bar su sun wuce. Amma ranar da na ƙirga layi biyar a takardar wata malamar jami'a, wannan kam har a sa ni a kabari tana nan a raina.

Ni manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Kurfi. Ban yi boko ba. 'Yan bindiga sun taɓa kwashe mu, na yi wata biyu a daji. Da yake ina da ƙarfi, ni suka riƙa sa wa ɗebo ruwa da dafa abinci. Da na dawo sai aka fara raɗa a gari: me ya sa shi bai rame kamar sauran ba? A wajenmu idan aka ce da mutum infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto, to ya yi sallama da iyalinsa. Na kama bakina, na daina zama majalisa.

Bayan shekara guda sai ga wata malama daga jami'a a Dutsin-Ma, 'yar ƙasarmu ce, na san mahaifinta. Ta ce tana bincike a kan yadda tsoro ke zama a kan mutum bayan ya kuɓuta, tana neman waɗanda suka taɓa shiga hannu. Mu biyar muka yarda daga ƙauyenmu. Ni ba don na amince na je ba. Na ga in na ƙi, za a ce akwai abin da nake ɓoyewa.

Aka kai mu wani babban asibiti a birni, muka tarar da mutanen wasu garuruwa da yawa. Aka karɓe duk wani ƙarfe da ke jikina, aka kwantar da ni, aka tura kaina cikin wani inji mai kama da kwalbati, yana ƙara kamar injin niƙa. Suka riƙa sako mini sauti a kunne: ruwan sama, carar zakara, sai kuma rugugin babura. Da na ji baburan nan sai na ga kaina a daji hannun 'yan bindiga. Na ce a raina, shi ke nan, injin ya gani.

Watanni suka wuce. Wata ranar kasuwar Kurfi wani mai sayar da taki ya ja ni gefe ya ce, "Ka ji an fitar da sakamakon kawunanku? An ce duk wanda kansa ya kama wuta da jin babur, ya san mutanen daji. Hukuma za a kai wa takardar." Washegari na hau mota zuwa Dutsin-Ma.

Na same ta a ofis. Ta ce, "Baba, sannu da zuwa. Ya mutanen gida?"

Na ce, "Nuna mini kaina."

Ta buɗe kwamfuta. Ga hoton ƙwaƙwalwa, toka-toka, da jajayen tabo nan da can. A gefe kuma ga takarda mai layuka cike da lambobi. Ba na karatu, amma ina ƙirga. Layi biyar ne. Mu ma mu biyar ne.

Na ɗora yatsa a kai na ce, "Wanne ne nawa? Kuma wa za ki kai wa?"

Ta dube ni, ta ajiye biron da ke hannunta. "Baba, babu mutum ko ɗaya a layukan nan. Hoton ma ba naka ba ne. Kawunan duk waɗanda suka shiga injin aka jera bisa juna, aka duba inda suka yi tarayya."

"To layukan fa?"

"Kai manomi ne. In ka ga tsiron gero ƙwaya ɗaya a bakin hanya, kana cewa gona ce?"

"Tsuntsu ne ya yar."

"To haka muke yi. Ɗigo ɗaya ko biyu da ya yi ja shi kaɗai, zubar da shi muke yi. Sai ɗigo da yawa sun haɗu wuri guda sun yi fili mai girma, sannan mu ɗauka. Kowane layi fili ɗaya ne: ga inda yake a cikin kai, ga faɗinsa, ga inda ya fi ƙarfi. Filaye biyar na samu, shi ya sa ka ga biyar."

Maganar ta yi daɗin ji. To amma ni na ji magana mai daɗi daga bakin mutumin da ke riƙe da bindiga. Na ce, "Malama, baki ba ya tsada. Cire ni daga ciki, in gani da idona."

Na zaci za ta yi gardama. Sai ta ce, "Haƙƙinka ne, tun farko na gaya maka. Sai dai lissafin zai ɗau lokaci, don daga tushe zai sake."

"Ina nan."

Ta nemo lambar da ke jikin katin da aka ba ni a asibiti, na riƙe katin kusa da gilashin kwamfutar na gwada da idona, ta goge a gabana. Ta ce in je in ci abinci in dawo. Na ƙi. Salla kaɗai ta tashe ni, ita ma a bakin ƙofa na yi, ina jin motsin ɗakin. Dabarata ɗaya ce: in dai layukan mutane ne, da an cire ni dole su koma huɗu.

Bayan la'asar injin takarda ya turo sabuwa. Na karɓa da kaina, na bi da yatsa. Biyar. Na sake bi daga ƙasa zuwa sama. Biyar. Na dubi hoton, babban jan tabon nan yana inda yake, da ƙyar ma za ka ce ya ragu.

Na ce, "Ba ni a ciki, amma bai tafi ba."

Ta ce, "Ai ba kai kaɗai kake ji ba, Baba, in babur ya wuce."

Shekara biyu ina ɗauke da abin nan ina zaton alamar laifi ce a jikina ni kaɗai, ashe duk wanda ya kwana a dajin nan da shi ya dawo. Ta tambaye ni ko a mayar da ni cikin lissafin. Na ce a'a. Ba ta roƙe ni ba, kuma wannan ne ya sa na yarda da ita fiye da duk bayanin da ta yi.

Na koma ƙauye na tara mutum huɗun nan, don su ma labarin mai taki ya hana su sukuni. Na ce musu babu sunan kowa, na gwada da kaina. Ɗaya daga cikinsu, dattijo ne, ya juya fuska ya share ido.

Har yau ban cika yarda da mutane ba, kuma ba na neman gafarar kowa a kan haka, don zargi ne ya fito da ni daga daji da raina. Abin da ranar ta koya mini shi ne, in zargi ya kama ka, kada ka zauna kana kiwonsa a ɗaki. Tashi ka je inda abin yake, ka sa a gwada a gabanka, ka ƙirga da yatsanka.