Gabar Kawu Modu da Boko

Duk wanda ya san Kawu Modu mai banda a kasuwar Gashuwa ya san ba ya karɓar takardar boko da hannun dama. Hagu yake miƙawa, da yatsu biyu, kamar an ba shi mataccen ɓera. Ni kuwa, ɗan ƙanwarsa da ya riƙa tun daga yaye, sai na tashi na zama malamin firamare! Shekara ashirin ina jiran ya sa wa aikina albarka, ko da sau ɗaya.

Ranar da wani abokin aikina daga Nguru ya ce masa ai kalmar boko daga Turanci ta fito, sai da Kawu ya ajiye tarwaɗar da yake juyawa.

"Ƙarya! Tun Bature bai san hanyar Nguru ba ake boko. A bikin kakata, wata tsohuwa aka lulluɓe aka ɗora a doki, amaryar gaske aka zaga da ita ta baya. Ta kan dokin ita ce amaryar boko. To, ku tsohuwar kuka bi!"

Wajen rajistar zaɓe kuwa, ture biro ya yi. "Ni dangwalawa nake. Zanen yatsan nan rubutun Allah ne." Na'ura ta yi ta yi, ta kasa gane yatsan, wutar banda ta cinye zanen. Ya dube ni yana washe baki: "Ka gani? Ita ma 'yar boko ce."

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, wata la'asar ya kori kowa daga ɗakin, ban da ni.

"Rufe ƙofa. Yaya ake rubuta sunana da abin nan naku?"

Na ɗauko takarda da biro, na kama hannunsa, muka ja a hankali: Modu.

"Shi ke nan? Ƙwaya huɗu? A kan wannan kake sammako kullum?"

"A kansa ne, Kawu."

Ya daɗe yana kallon takardar. "To, Allah ya yi maka albarka, kai da yaran da kake koya wa. Amma in kasuwa ta ji, ban yafe ba."

Wallahi kuka na yi, yana ta harara ta.

Yau ga shi na tona, Kawu, ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ba ka littafinka a hannun dama.