Tarwadar Ɗan Fari

Akwai abin da ya same ni a wani ƙauye kusa da Furana wanda ko na ruɗe da tsufa ba na jin zai fita daga raina. In na ce muku a kan kifi ne za ku yi dariya. Ku yi abarku, ni dai na san zufar da na yi.

Zamanin babban yaƙin Turawa ne, lokacin ɗiban gwamna, da ake zuwa gari a kwashi majiya ƙarfi a tafi da su haƙar kuza a Jos ko ba sa so. Cikin waɗanda aka ɗiba har da maigidana. Ya bar ni da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, ya kuma bar wata tarwada. Tun tana kamar ɗan yatsa ya kamo ta a rafi, ya saka ta cikin wata ƙatuwar kwatarniya a gindin mangwaro, tare da wasu karfasa da suka fi ƙarfin bakinta. Haka Allah ya yi shi, in ya dawo daga gona sai ya tsuguna yana kallon ruwa, tuwo na hucewa.

Maigidana ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake, in ana maganarsa sai ta kau da kai. Ranar da aka tafi da su ko zaure ba ta leƙa ba. Amma washegari sai ga ta da gara a ƙwarya tana zuba wa tarwada.

Na ce, "Inna, a bari in yi mana."

Ta ce, "Je ki ga dakanki. Kifin wancan ne, kada ya mutu a ce mun yi sakaci."

Masu dawowa daga Jos ba sa kawo labari mai daɗi, daga sanyi sai tari sai waɗanda aka binne a can. Inna ba ta tambayar kowa komai. Sai dai ta tashi ta leƙa kwatarniya, in ta ga tarwada ta juya, ta dawo ta ci abincinta. A hankali na gane cewa a zuciyarta ta ɗaure ran ɗanta da ran kifin nan.

Da rani ya yi nisa aka yi su, wato kamun kifi na gayya, a tafkin bayan gari. Sai ga Baffa, wan marigayi mijin Inna, ya yi sallama da gora a hannu. Ya ce, "Na ga kifin yaron nan yana zaman kaɗaici, ga 'yan'uwa na kawo masa." Ya juye ƙurungu biyu da wata shirgegiyar tarwada cikin kwatarniya. Dangin uwata masunta ne, na san ƙayar ƙurungu kamar basilla take, na kuma san manyan tarwada biyu ba sa zaman lafiya a matsattsen wuri. Ina tsaye a ƙofar madafa, magana ta zo mini har wuya, amma ina matar ɗa ta isa ta gyara wa suruki aiki? Inna kuwa cewa ta yi, "An gode, Allah ya saka da alheri."

Yana fita na ce, "Inna, a kwashe su."

Ta ce, "Kyautar babba? In ya leƙo gobe bai gan su ba a ce masa me? A ce na damu da kayan wancan?"

Wunin ranar ban samu sukuni ba. Da na ji ruwa ya fantsama sai in saki muciya in ruga, in tarar ba abin da zan iya, in dawo. Har miya na ƙona. Da gari ya waye ruwan ya yi duhu, karfasa ɗaya ta taso ciki sama. Tarwadarmu kuwa an gutsire mata gashin baki, gefenta ya saluɓe ya yi ja, tana kwance a karkace tana buɗe baki da ƙyar. Inna ta duba sau ɗaya, ta shiga ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Ba koko, ba tuwo.

Nan tsoro ya kama ni sosai, don na ga tsohuwa nake shirin rasawa. Na jiƙa hannuna don kada in goge mata yauƙin jiki, na ɗauke ta da ƙwarya na saka a sabuwar tukunya da ruwan rijiya wanda ya kwanta. Na narka gishiri kaɗan, daidai yadda harshe zai ɗan ji shi, kamar yadda na ga kawunnaina na yi. Na rufe da faifai na ɗora dutse, don tarwada ko tana ciwo ba ta rasa tsalle. Maƙwabta suka shigo da magunguna, wannan ta ce a shafa man kaɗanya, waccan ta ce a barbaɗa toka, sai ka ce kaciya aka yi. Na yi musu godiya na ajiye. Safe da yamma ina kwashe rabin ruwan ina sake sabo, ban ba ta abinci ba don kada ruwan ya ɓaci. Da wani fari-fari kamar auduga ya fito a bakin ciwon, na ɗan ƙara gishiri, na share shi da gashin kaza. Na yi ta buɗe faifan nan ina leƙawa har na ji haushin kaina.

Inna tana ta ramewa. Wata rana da la'asar na dawo daga rijiya na hango ta tsugune gaban tukunya, ta ɗaga faifai. A hankali take magana, amma na ji. Sunan maigidana take kira, tana cewa, "Tashi mana ka ci abinci." Na koma da baya na tsaya a zaure, tulu a ka, hawaye na zuba.

Washegari Baffa ya sake dawowa da gora. Wai ya ji kifin ba lafiya, ya kawo wasu. Na tsaya bayan zana na ce, "Baffa, a gafarce ni. Kada a zuba. Waɗancan ne suka ji masa ciwo, kuma saboda shi Inna ta daina cin abinci."

Ya ajiye goran a ƙasa. Sannan ya ce, "Mata biyu a gida, aka rasa mai buɗe baki?" Da kansa ya kwashe kifayensa ya ce a dafa wa tsohuwa.

Inna ta yi fushi da ni, don na tona ta gaban wan mijinta. Ko gaisuwata da ƙyar take amsawa. Ban damu ba, ina ta sake ruwa. Bakin ciwon ya fara haɗewa, har wata safiya na jefa gara ɗaya, tarwada ta taso ta cafke. Na kira Inna na sake jefa wata a gabanta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Akwai sauran kokon nan?"

Maigidana ya dawo farkon damina, a rame, yana tari. Inna daga cikin ɗaki ta ce a ba baƙo ruwa, shi ke nan. Da muka keɓe ya tambaye ni, kansa a ƙasa, ko Inna ta taɓa tambayar labarinsa. Na gaya masa abin da na ji a gaban tukunya. Mutumin da ya ga gawawwaki a Jos bai yi kuka ba, ranar sai da ya rufe fuska da riga.

Har yau ina girmama kunya, da ita na tarbiyyantar da 'ya'yana. Amma na koyi cewa in shiru ya fara cin ran mutum, dole a samu mai fasa shi, ko da za a yi fushi da shi.