Ƙahon Kakana da Gamsheƙar Akurki

Duk ranar da aka zo rubuta tarihin haɗa magunguna a kudancin Kano, marubucin da ya tsallake gidanmu ya ci amanar ilimi. Hujjata tana nan kan teburina: ƙahon rago, an toshe bakinsa da fata, yana wani wari mai hawa ka. Da na shaƙa sai in gan ni a ƙauyenmu na gindin duwatsun Riruwai, ina 'yar shekara tara.

Ƙahon na kakana ne, mahaifin babanmu. A faɗarsa maganin dafin maciji ne a ciki, gadon kaka da kakanni. Ba mai taɓawa. Ko kakarmu, wadda tun dawowarsa daga Hajji ta sa ya rantse ya bar duk wani halin ƙuruciya, ba ta taɓa leƙa cikinsa ba. Kullum bayan la'asar yakan zaga bayan rumbu da shi, wai zai yi masa tofi, ya dawo yana atishawa, idanu jajur. Ya ce ƙarfin maganin ne. Ni dai ban gamsu ba, amma yaro bai isa ya yi wa furfura jarrabawa ba.

Wata damina, da hantsi, innarmu ta sunkuya akurki za ta ɗebo ƙwai. Ashe gamsheƙa ta riga ta. Ba ta sare ta ba, tofi ta feso mata a idon dama. Har yau ina jin ihun nan. Kafin a ce me, idon ya kumbura ya rufe, hawaye kamar indararo.

Shigowar mai kawo mana nono ke nan, wata Bafillatana daga rugar bayan dutse. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta kwantar da inna, ta buɗe idon da yatsu biyu, ta tuttula masa nonon ƙwarya guda. Da ya ƙare ta koma kan randa.

Kakana ya faɗo daga gona yana haki.

"Ke 'yar Fulani, wa ya aike ki? Ido kike wankewa ko fura kike damawa?"

"A yi haƙuri, Baba, haka muke yi wa shanu," ta ce, ba ta fasa zubawa ba.

"To surukar tawa saniya ce?"

Ya ciro ƙahon, ya cire toshiyar. Ya lakato garin maganin, ya kai yatsa daf da idon, sai ya tsaya. Ya daɗe a haka. Can ya shafa mata a goshi. Kowa na kallon inna, ni yatsan nake kallo.

Bayan kwana uku ido ya buɗe. Gari ya rabu biyu, 'yan ƙaho da 'yan ƙwarya, kowane ɓangare yana zargin ɗayan da cin ladan da ba nasa ba.

Na girma na karanci haɗa magunguna. A jami'a na koyi cewa dafin gamsheƙa taron sinadarai ne: wasu suna cinye naman da suka taɓa, wasu suna tare saƙon da jijiya ke kai wa tsoka, kuma masana suna tace su suna neman maganin raɗaɗi a ciki. Game da ido kuwa, duk kaurin littafin, cewa ya yi a wanke da ruwa mai yawa, nan take.

Da na zo hutu na ba kakana labari, sai ya kalle ni a kaikaice.

"Amarya, wato abin da ya kusa makantar da uwarki shi za ku ɗura wa bayin Allah? Faɗi gaskiya, ƙahona suka turo ki ki sato."

"Ango, ɗan mitsitsi kawai zan gwada."

"Sai bayan raina."

Haka kuwa aka yi, Allah Ya jiƙansa. Yanzu wanda maciji ya sara a ƙauyenmu, babur ake ɗora shi a nufi asibiti, ba mai tambayar ƙaho. Innarmu har yau da idon nan take zura zare a allura, kuma in aka tambaye ta wa ya cece shi, sai ta ce Allah, ta tashi ta ba mutum wuri.

Bara ƙahon ya zo hannuna. Don in yi wa tsohon adalci, ban tsaya ga hancina ba, na kai garin da ke ciki ɗakin gwaji.

Taba gari ce, da 'yar kanwa.