Kaka Mai Koyon Turkanci

A wani gidan burodin Turkawa da ke unguwar Al Mirqab nake kallonta. Tana zaune kusa da taga cikin kayan ma'aikatan asibiti, an rubuta Jael a ƙirjinta. Za ta kai hamsin, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwali. Ta riƙe siririn kofin shayi da yatsu biyu yadda Turkawa ke yi, tana gutsurar burodi mai riɗi.

Dattijon da ke gashin burodin yana koya mata gaisuwarsu. Ta faɗa a karkace, ya yi dariya, ta sake. Sai ta nuna masa hoto a waya: ɗan gida a kan tudu, teku shimfiɗe a ƙasa, jaririya a hannun wani Baturke. Ina jin jikarta ce, kuma can za ta koma da zama.

Wayar ta yi ƙara. "'Yata, khalas, shi ke nan, na ajiye aikin," in ji ta, da Hausar Jos. "Tsoro? Ina ji mana. Amma ba zan yarda a riƙa yi mini tafinta a gidan jikata ba. Miƙa wa surukarki wayar, yau da bakina zan gaishe ta."