Sabuwar kujerar wankan Habboba

Ina shiga gidanmu a Omdurman jiya, na tarar da limamin unguwa a kan kujerar wankan kakata, yana shan gahawa hankali kwance.

Ni na kawo mata ita bayan santsi ya kayar da ita a banɗaki.

Na ja kakata gefe. "Habboba, ta wanka ce fa. In kika sake faɗuwa?"

Ta ce, "Sabuwar kujera a banɗaki, liman a kan tsohuwa? Me za a ce da mu?"

Da yamma na goge kujerar da yashi har ta yi muni. Yau a kanta ta yi wanka, tana ta yi min faɗan ɓarna.

Ashe lafiyar tsoho sai an bi ta mutuncinsa. Ku yaya kuke lallaɓa naku?